Danƙon Ya Daskare a Hannuna

Kafin ku cika ƙasan rubutun nan da zagi, ku bari in ba ku labarin daga tushe. In na gama, mai jifa ya jefa, ba zan kauce ba.

Ranar Asabar ɗin nan tun da sassafe gidanmu ya ɗauki harama. Umma ta sa an fito da kafet ɗin falon Baba an rataye a igiya an buge, ta sauya labule, ta ciro kofunan gilas masu bakin zinare waɗanda ba a taɓa su sai baƙo ya cika baƙo. Gwaggo, yayar Baba, a gidan ta kwana musamman, wai ba za ta jira a kawo mata labari ba, da idonta za ta gani. A kan gadona an shimfiɗa leshi ruwan zuma da mayafinsa, ya sha guga har yana ɗaukar ido. Baba ne ya ce yana son ganin mutumin da ya hana autarsa sakat, a ce masa ya zo bayan la'asar.

Ni kuwa na fito sanye da tsohuwar doguwar rigata ta aiki, mai tabon danƙo a bakin hannu, ina laluben takalmi.

"Auta, ina zuwa?" in ji Umma, tsintsiya a hannunta.

"Wurin aiki, Umma. Wani abu ne ya taso na gaggawa, yanzu zan dawo."

"Yau? Yau ɗin nan da kika sani?"

Gwaggo ta ajiye kofin shayinta. "Ƙyale ta ta je. Ta dawo mana tana warin fenti tana susar hannu kamar mai ƙazuwa, yaron yana shigowa ya toshe hanci ya juya. Ni tunda uwata ta haife ni ban ga mace mai sana'ar ƙera ƙafafu ba. Ranar nan har mafarki na yi kina bina da guda ɗaya a hannu."

Umma ta yi dariya. Ni na ja ƙofa na fice.

Ga waɗanda ba su sani ba, a wani ɗan ƙaramin wuri nake aiki inda ake haɗa wa mutane ƙafa da hannu na wucin gadi. Jama'a suna cewa ƙafar roba, amma ba roba ba ce. Wurin da dungun mutum yake shiga ya zauna, wanda muke kira soket, da zare da danƙo ake yinsa: zaren gilas fari, da baƙin zaren kabon mai sheƙi, a jera su hawa-hawa a jikin zubin filasta mai siffar dungun, sannan a shayar da su ruwan danƙo har ya ratsa kowane sili. Zaren shi kaɗai tsumma ne. Danƙon shi kaɗai in ya bushe, ka buga ya tarwatse. Amma in suka kama juna yadda ya kamata, abu marar nauyi kamar kwanon sha zai ɗauki ƙaton namiji shekara da shekaru.

A nan na haɗu da Dogo. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma tun yana ɗalibi haɗarin mota ya raba shi da ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa. Ranar farko da na durƙusa zan yi masa awo, ya leƙo igiyar awon ya ce, "Malama, ki lura, ni malamin lissafi ne, zan duba aikinki in ba ki maki." Daga ranar ya raɗa min suna Maƙeriya. In ya sa ƙafarsa ya saki wando, wallahi sai wanda aka gaya wa. A matakala ne kawai yake ɗan karkata.

A gida na faɗi komai game da shi. Tsayinsa, aikinsa, tarbiyyarsa, yadda yake riƙe da mahaifiyarsa. Komai har zuwa gwiwa. Abin da ke ƙasa da nan na haɗiye.

Kada ku ce ban yi niyya ba. Na yi. Amma akwai ranar da Yaya, babban wanmu, ya sauke ni a wurin aiki, ya hangi mutane a kan benci suna jira, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Waɗannan wa zai ba su aure?" Maganar nan ta zauna min a ƙirji kamar dutse. Ga bakin Gwaggo da kuka ji samfurinsa. Sai na ce bari su fara ganinsa tukuna, su ji maganarsa, ya shiga ransu, sannan in faɗa a hankali. Da shi Dogo ya tambaye ni wata rana, "Maƙeriya, sun san zancen ƙafata ko?" sai na ji bakina ya ce, "Sun sani mana." Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdulillahi. Mutanen kirki ne."

Ranar Laraba, saura kwana uku ya zo gidanmu, yana tsaye gaban allo, tsohon soket ɗinsa ya tsage daga baya. Ogarmu, wadda muke kira Injiniya, ta duba ta ce wannan ya gama yawo, ko taku ɗaya kada ya ƙara da shi. Ta ɗauki sabon zubi, ta ce filasta sai ta bushe sarai, ranar Litinin a zuba danƙo, ranar Talata ya zo gwaji. Ta miƙa masa sandunan dogarawa.

Litinin. Baba kuma Asabar ya ce.

Shi ya sa na buɗe wurin aiki da makullina, babu kowa, na kunna fanka mai fitar da wari. Zubin ƙafar Dogo yana tsaye a kan ƙarfe, kai a ƙasa. Na shafa shi da bayan hannu. Akwai ɗan sanyi-sanyi, alamar da sauran danshi a ciki. Na yi kamar ban ji ba.

Na tura masa saƙo: "Ka jira ni kafin ka taso. Zan kawo maka ƙafarka."

Nan take ya amsa: "Wace ƙafa kuma? Ba Talata aka ce ba?"

"Na shigo in yi da kaina."

"Haba Maƙeriya, ranar hutu? Ki koma gida ki yi kwalliya. Da sanduna zan zo, ai ba tseren gudu Baba ya kira ni ba."

Na ajiye wayar a kan tebur, na ɗaura takunkumi, na zura safar hannu.

Na jiƙa ledar farko na ja ta a jikin zubin har ta lafe babu ko tattara ɗaya. Na saka safar auduga, na bi da zaren gilas. Na yanko kabon, na naɗa shi a bakin soket da ƙasa inda ƙarfen ƙafa zai ɗaure, hawa ɗaya ya kwanta haka, na samansa ya gitta shi, don in nauyi ya zo ta kowace fuska ya tarar da zaren da zai tare shi. Hannuna ya san aikin nan ko idona a rufe. Amma ranar silin kabon warwarewa yake ta yi yana manne min a safa. Na ja leda ta biyu a sama, na ɗaure ƙasa, na kunna injin zuƙe iska. Leda ta tsuke ta rungume zaren.

Wayar ta yi ƙara. Umma. Na bari ta katse. Ta sake. Sai saƙon murya, na danna da gwiwar hannu.

"Auta, la'asar ta kusa fa. Gwaggonki ta fara magana. Kuma Yayanki ya iso da matarsa. Ki rufa min asiri ki dawo."

Na dubi agogon bango, na lissafa. Danƙo ya kama, ya huce, in yanke, in fasa filasta, in goge baki, in ɗaura ƙarfe, in kai masa, ya gwada. Ko aljana ce ni ba zai yiwu ba, sai in danƙon ya kama da wuri.

Ku da ba ku san aikin ba, ga yadda yake. Danƙon ruwa ne kamar zuma, ba ya daskarewa sai an zuba masa wani farin gari, kuma garin da sikeli ake auna shi, ba da ido ba. Abu na farko da Injiniya ta koya min kenan. Na auna daidai. Na tsaya ina kallon sikelin. Sannan na ƙara cokali. Na sake ƙarawa.

Na gauraya, na tuttula ta saman leda, na ɗaure bakin, na ɗauki igiya na fara tatso danƙon ƙasa. Da farko ya tafi lafiya, yana ratsa zaren, farin yana komawa garai-garai, baƙin yana ƙyalli. Har na fara cewa Allah ya rufa asiri.

Wayar ta haska. Ban iya taɓawa ba, amma rubutun yana saman gilashi, na karanta daga inda nake.

"Ina ta tunani. Me ya sa sai da ƙafar?"

Na ci gaba da ja. Wani ya shigo.

"Ba kin ce sun sani ba?"

Sai na ji ledar ta yi ɗumi a tafin hannuna. Ɗumi ya koma zafi. Danƙon da ke gudu kamar zuma ya fara nauyi, ya koma kamar kunun da ya kwana. Na danna da ƙarfi, na ja igiya har ta shiga yatsuna. Ya ƙi. Rabin soket ya sha, rabin nan na ƙasa, daidai inda nauyin mutum yake sauka, zaren yana nan fari fat, busasshe. Ƙananan kumfa suka fito jere a ƙarƙashin leda, danshin filasta yana tashi da zafin. Abin da ya rage a kofi ya dunƙule yana hayaƙi.

"Wayyo Allah, a'a, a'a, don Allah..." Da danƙo nake magana, jama'a. Ina kuka ina roƙon danƙo.

"Kashe injin nan."

Ban ji shigowarta ba. Injiniya ce a bakin ƙofa da jakar cefane a hannu, ta zo wucewa ta ji ƙarar fanka. Mace ce gajeriya mai furfura a goshi, ba ta ɗaga murya, kuma gara mai ɗaga murya sau goma. Ta ajiye jaka, ta ɗauki kofin da tsumma ta fitar waje, ta dawo ta ƙwanƙwasa soket ɗin da bayan almakashi. Sama ya yi ƙara tsaf. Ƙasa ya amsa kamar kwali.

"Garin nawa kika sa?"

Na kalli cokalin da ke gefen sikeli.

"Na gane. Da a ce ya ruɗe ki, ya rufe ta waje ya yi kyau, da kin kai masa?"

"Anti, yau zai je gaida Baba..."

"Ba ita na tambaye ki ba. Da kin kai masa?"

Na sunkuyar da kai. Ni da ita mun san amsar.

"Mutumin nan matakala yake hawa zuwa aji, titi yake tsallakawa. Abin nan ba ya gargaɗi, ranar da zai karye karyewa kawai zai yi. Kabon da kika ɓata ba shi ne damuwata ba." Ta dube ni da kyau. "Gidanku ba su sani ba ko?"

Hawaye suka ƙarasa min amsa. Ta ja tsaki a hankali, ba na raini ba, irin na uwa.

"Cire safar nan ki tafi. Zan rufe."

Na fizgi waya. Saƙonsa na ƙarshe ya daɗe da shigowa: "Shirunki ya ishe ni. Na taso. Na yi wa dattijo alkawari, ba zan saɓa ba."

Na kira, ba ya ɗauka. Na sake kira. A cikin motar haya na rubuta masa saƙo ya fi a ƙirga ina gogewa. Me zan ce? Direban ma ya lura, ya rage rediyo ya ce, "Ƙanwata, rasuwa aka yi?" Na ce a'a. A raina na ce tukuna dai.

Ina shiga gida na tarar da tsakar gida tsit. Matar Yaya tana bakin kicin ta rufe baki da gefen mayafi. Umma na zaune a kan kujerar roba, faranti a cinyarta, ɗaya daga cikin kofunan nan masu bakin zinare a fashe a ƙasa kusa da falo, lemo ya malale, ba wanda ya share. A ƙofar falon Baba takalma ne a jere: na Baba, na Yaya, sai baƙin takalmi sau ciki, ƙafa ɗaya, shi kaɗai, ya sha mai yana ƙyalli.

Gwaggo ce ta fara ganina.

"Ga ta nan! Ga gwanar! Ashe kayan aikinki kika kwaso mana gida? Duk mazan duniya masu ƙafa bibbiyu..."

"Yaya, ya isa," Umma ta ce wa Gwaggo, ba ta ko ɗago ba. Sannan ta dube ni, idonta jawur. "Ni na leƙa in yi masa sannu da zuwa. Na ga wando a naɗe da fil. Faranti ya kufce min a gabansa, Auta. A gabansa. Yaron nan ya ce min, 'Umma, yi haƙuri, na tsorata ki.' Shi yake ba ni haƙuri. Da kin gaya min, da na shirya fuskata."

Wannan maganar ta fi zagin Gwaggo ciwo.

Yaya ya ɗaga labule ya fito, fuskarsa kamar hadari. "Baba na kira. Haka za ki shiga, ba sai kin sauya ba."

Haka na shiga, da rigar aiki, da warin danƙo, leshi yana can a kan gado. Dogo na zaune a kan kafet, farar shadda a jikinsa, hula ta zauna daram, ƙafar dama a naɗe, sandunan a kwance a gefensa. Ya yi kyau har na ji kamar in kurma ihu. Bai dube ni ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Auta, malam ya shigo yana min godiya. Wai na karɓe shi duk da na san lalurarsa. Na rasa godiyar me ake min. Kin gaya masa mun sani?"

"Eh, Baba."

"Mun sani?"

"A'a, Baba."

Yaya ya karɓe daga tsaye. "Baba, ai magana ta ƙare. Yarinya lafiyayya, a ce..."

"Kai na tambaya?" Baba bai ko juya ba. Yaya ya haɗiye sauran.

"Ni na yi hira da shi," in ji Baba. "Na tambaye shi abin da uba yake tambaya, ya ba ni amsa, na gamsu. Ƙafa kuwa, wanda ya ba ni biyu bai yi min alkawarin zan mutu da su ba. Ban ga abin ƙi a nan ba."

Zuciyata ta yi tsalle. Wallahi har na fara ɗago kai.

"Amma malam ya roƙe ni wata alfarma, na kuma ba shi. Malam, faɗa mata da bakinka."

Sai a lokacin ya juyo. Idon nan da kullum dariya ke kwance a cikinsa, ranar babu komai.

"Na roƙi Baba a dakata da maganar," ya ce, muryarsa a kwance. "Na shekara da shekaru ina koyon shiga cikin mutane a yadda nake. Yara sun yi min dariya, manya sun kau da kai, duk na wuce wurin. Na ɗauka ke, da kika riƙe dungun nan da hannunki, kin fi kowa wucewa."

"Wallahi ba kunyarka nake ji ba! Tsoro na ji, kada su..."

"Na sani. Tun a hanya nake gaya wa kaina haka. Amma ranar hutu kika fita da sassafe don ki rufe ni kafin a gan ni." Ya dubi hannun rigata. "Ba na so in zauna a gida ɗaya da mace ina tunanin ko yau wandona ya sauka daidai."

Me zan ce, alhali shaidar tana manne a hannun rigata?

Ya yi wa Baba sallama. Ya jawo sandunan, ya dafa kujera zai miƙe. Jikina ya tafi da kansa zan tallafe shi, kamar yadda na saba a wurin aiki. Ya ɗaga min tafin hannu kaɗan, ba da faɗa ba. Na tsaya. Ya miƙe shi kaɗai. A bakin ƙofa Yaya, wannan Yayan dai, ya sunkuya ya juya masa takalmin ya fuskanci ƙafarsa. Dogo ya ce, "Na gode, Yaya." Ya gaida Umma, ya gaida Gwaggo har da rusunawa a kan sanduna, ita kuwa bakinta ya mutu, sai "sauka lafiya, ɗan nan" ta iya cewa. Muna ji ƙarar sandunan tana nisa har aka rufe ƙofar gida.

Babu wanda ya yi min faɗa. Umma ta kwashe gilashin da kanta. Na shiga ɗaki na ture leshin gefe na zauna a bakin gado, waya a hannu, ina kallon sunansa. Na rubuta, "Ka yafe min." Alama ta nuna ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya.

Sai ga shi ya shigo.

"Na yafe. Zan zo gwaji ranar da aka sa min. Amma don Allah ki gaya wa Injiniya, wannan karon ita nake so ta zuba da hannunta."

Na karanta har harufan suka narke a idona. Babu Maƙeriya a farko, babu a ƙarshe.